Abincin makaranta da gonar Kano: wuraren da ake yawan tuntuɓe

Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 an ɗora shi ne a kan cewa abin da yaro zai ci a makaranta ya fito daga gonakin yankinsa. Naira 70 aka fara warewa kowane yaro a rana, 'yan aji ɗaya zuwa uku, daga baya aka ƙara zuwa 100. Kano kuwa ta san ciyarwa tun mulkin Kwankwaso na farko. Sai dai ko gwamnati ce ke biya, ko makarantar kuɗi ce, ko Islamiyyar unguwa da iyaye ke yi wa karo-karo, kurakuran kusan iri ɗaya ne, kuma yawancinsu rashin duba lokaci ne ke jawo su.

Babba a cikinsu shi ne a zauna a ofis a rubuta jadawalin abinci guda ɗaya, a ce shi za a bi duk shekara. Gona ba ta san wannan takardar ba. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin Kadawa, Kura da Garun Malam yana cika kasuwar 'Yan Kaba har ya rasa mai saye, amma da an shiga Yuni sai kwando ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Idan takarda ta ce dafa-duka da ɗanyen tumatir kowace Talata, mai girki a watan Yuni ko ta rage wa yara kwano, ko ta cika tukunya da tumatirin leda da ɗanɗano. Gyaran shi ne kowane zango da nasa jadawalin. Zangon farko ya faɗo a kaka: sabon gero, wake, gyaɗa, daga baya dawa, don haka lokacin ɗan wake, garau-garau da kunun gyaɗa ke nan. Zango na biyu na kayan lambu ne, a yawaita kabeji, karas da latas, a kuma yanka tumatir a shanya saboda gaba. Zango na uku a dogara da abin da aka ajiye, da dambu da kwaɗon zogale ko rama.

Kuskure na biyu jinkirin biyan masu girki. Manomi ba ya ba da bashi ga wanda bai san ranar biyansa ba, shi ma taki yake son saya. Mai kanti ne ke iya jira, shi ya sa in kuɗi ya makara sai katan ɗin taliya ya maye gurbin wake. A biya kafin a ɗora tukunya. Masu girkin makarantu uku ko huɗu na unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su sayi buhu a Dawanau ko wurin ƙungiyar manoma da kaka, maimakon kowacce ta riƙa awon kwano-kwano a bakin titi.

To an sayi buhu, saura ajiya. Nan ne ake yin abin da ya fi ba ni tsoro: a zuba wa wake maganin ƙwari irin su Sniper don kada ya huje. Saboda irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Abin da aka ce bai dace da cikin baƙo ba, yaya za a ba ɗan shekara bakwai? Buhun PICS, mai leda biyu a ciki, yana kashe ƙwaron ta hanyar hana shi iska, ba magani ko kaɗan. Sharaɗin dai hatsin ya bushe sosai, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna kuwa a zubar, wanki ko tafasa ba ya cire gubar da ke cikinsu.

Ganye ma a tambayi inda aka noma shi. Akwai lambunan cikin gari da ruwan kwata ko na masana'anta ake ba su, irin waɗannan ba na ci ɗanye ba ne.

Sai lambun makaranta. Kowace shekara a ga malamin noma ya fitar da yara sun shuka masara a ƙarshen Yuni, a tafi dogon hutu a ƙarshen Yuli, a dawo Satumba a tarar awakin unguwa sun riga kowa girbi. Yaran sun ga shuka, ba su ga ƙarshenta ba. A zaɓi abin da zai nuna cikin zango ɗaya: alayyafo sati huɗu ya isa yanka, latas da yakuwa ma ba sa daɗewa. Makarantun cikin badala da ba su da fili, tsohon buhun siminti da ƙasa da takin dabbobi ya wadatar, a jera a gindin katanga. Zogale kuma a dasa shi sau ɗaya, a kewaye shi da ƙaya. Kuma don Allah a daina tura wanda ya makara cire ciyawa. Yaron da aka hora da fartanya ba zai so ta ba.

Wani abin da ake bari ya wuce a banza shi ne ɗakin girkin kansa. Malamin lissafi yana ta fama da lemo goma a kan allo, alhali ga buhun wake a bayan aji. Kwano nawa ne a buhu, yara nawa kwano ɗaya ke ciyarwa, nawa aka saya da kaka, nawa yake yanzu? 'Yan aji biyar za su iya riƙe littafin farashi, duk Litinin wani ya tambayo a gida a rubuta. Darasin ruwa kuma a bi tumatirin miyar ranar a koma da shi baya: daga 'Yan Kaba zuwa Kadawa, daga magudanar Kadawa zuwa madatsar Tiga da aka gina zamanin Audu Bako. A cikin iyayen yara da wuya a rasa manomi ko dillalin hatsi, a gayyato shi ya yi musu rabin awa, ya zo da zangarniyar gero da ta maiwa su bambance da hannunsu.