Kurakuran da Aka Fi Yi Game da Kwaɗon Dafi na Kolombiya

A gaɓar tekun Fasifik ta ƙasar Kolombiya, cikin lardin Cauca, akwai wani ɗan kwaɗo mai launin zinariya wanda tsawonsa bai wuce santimita 5 ba, masana suna kiransa Phyllobates terribilis. Tun daga shekarar 1978, da Charles Myers da John Daly da Borys Malkin suka bayyana shi ga duniyar ilimi bayan sun same shi a yankin kogin Saija, labarinsa yake yawo, kuma mafi yawan abin da ke yawon yana buƙatar gyara.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar cewa duk kwaɗin danginsa, wato kwaɗin dafin kibiya, masu kisa ne, kuma da dukansu ake sa wa kibiya dafi. Dangin ya haura nau'i 170, amma uku kacal aka tabbatar mutane suna amfani da su wajen farauta, dukansu kuwa a yammacin Kolombiya suke. Sauran, da yawansu abin da ke fatarsu ɗaci ne da zafi da ke sa maciji ko tsuntsu ya tofar da su. Ita ma kalmar kibiya tana iya ruɗar mai karatu, domin zai tuna da maharbanmu da kwari da baka da dafin kwankwani. Mutanen Embera, 'yan asalin yankin da ke farauta da wannan dafi, ba da baka suke harba waɗannan kibiyoyi ba. Ƙananan tsinkaye ne da ake hurawa ta cikin dogon bututu. Maharbi yakan danne kwaɗon a hankali, ya goga bakin tsinken a gadon bayansa, sannan ya sake shi da ransa, dafin kuma yakan yi shekara guda yana aiki.

Wasu kuma suna cewa yana cizo ko yana feso dafi. Ba ya yin ko ɗaya. Dafin, wanda ake kira batirakotoksin, a fata yake, kuma sai ya shiga jiki ta rauni ko baki ko ido yake ɓarna: yana hana jijiyoyi komawa hutu bayan sun aika saƙo, har zuciya ta rikice ta tsaya. Kwaɗo ɗaya na daji yana ɗauke da kimanin miligiram 1, wanda aka ƙiyasta zai iya kashe mutum 10. Shi ya sa yake yawonsa da rana tsaka a fili ba ya ɓuya, launinsa ya ishe shi gargaɗi.

Kuskuren da ya fi damuna, domin shi ne ke karkatar da tunanin mutane game da kare wannan halitta, shi ne zaton cewa kwaɗon da kansa yake ƙera dafinsa. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a akwatin gilashi, aka ciyar da su da ƙananan ƙudaje, suna tasowa ba su da dafi ko kaɗan. Abin da wannan ke nunawa shi ne daga abincin daji yake tara shi, mai yiwuwa daga tururuwa da ƙananan ƙwarin da ke cikin ruɓaɓɓen ganye. A shekarar 2004 an gano irin wannan dafi a jikin wasu ƙwari a tsibirin Niyu Gini, inda tsuntsun pitohui yake cinsu ya zama mai dafi. Daga nan sai wani kuskuren ya ɓullo: masu kiwo suna ɗauka duk kwaɗon da ke cikin gilashi ba shi da haɗari, alhali wanda aka kamo daga daji yakan riƙe dafinsa shekaru da dama. Gyaran shi ne a san asalin kowane kwaɗo kafin a taɓa shi, a kuma sa safar hannu.

Wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa tunda akwai dubban irinsa a gidajen masu kiwo a Turai da Amurka, to an cece shi ba. Abin da ke cikin gilashin yana da launin da siffar, amma ya rasa abin da ya sa aka san shi. A daji, macen tana yin ƙwai a ƙasa ƙarƙashin ganye, namijin ya ɗauki 'ya'yan a bayansa tun suna da wutsiya ya kai su inda ruwa ya kwanta. Duk wannan yana buƙatar kurmi mai duhu da danshi, inda ruwan sama ke kaiwa mita 5 a shekara. Wannan kurmin ne masu saran katako da masu haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya da masu noman koka, ganyen da ake yin hodar ibilis da shi, suke cinyewa, har ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa kwaɗon cikin halittun da ke fuskantar ƙarewa. Ɗora laifin a kan maharban Embera, kamar yadda wasu ke yi, zalunci ne, domin sun daɗe suna zaune da shi bai ƙare ba. A shekarar 2012 ƙungiyar kare halittu ta Kolombiya mai suna ProAves ta keɓe kusan hekta 50 kusa da garin Timbiquí domin shi. Fili ne ƙarami, amma irin wannan aikin ne ya cancanci tallafi.

Ga masu kiwo, saura abu biyu. Sayen kwaɗon da ba shi da takarda ƙarfafa fasa-ƙwauri ne, domin tun 1987 yarjejeniyar CITES ta duniya kan cinikin namun daji ta sa cinikin wannan dangi ƙarƙashin izini, kuma akwai masu kiwo na halal a Kolombiya kanta, irin su Tesoros de Colombia. Sannan da yake kwaɗon yana zuwa da launi daban-daban, kada a haɗa mai ruwan ɗorawa da mai ruwan lemo ko mai kore-kore su hayayyafa, tunda kowanne daga yankinsa ya fito, kada kuma a saki na gida cikin daji da sunan taimako, saboda yana iya kai wa na can wata cutar fatar kwaɗi da ake kira kitrid wadda ta hallaka kwaɗi masu yawa a Amurka ta Tsakiya.