Yadda za ku haɗa kwas ɗin intanet kan harkar ruwa tsakanin jami'o'i biyu

Malaman da ke koyar da harkar ruwa, in kuna son haɗa kwas da wata jami'a ta intanet, don Allah kar ku fara da zancen manhaja ko neman kuɗin TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantu), ku fara da kogi. Ku nemo kogi ɗaya da ya ratsa yankinku kuma ya ratsa nasu. Ɗauki kogin Haɗeja misali, ruwan da ake tarewa a dam ɗin Tiga tun 1974 da na Challawa tun 1992 shi ne dai yake gangarawa Jigawa ya bazu a fadamar Haɗeja da Nguru, ya haɗe da na Jama'are ya bi ta Gashuwa har bakin iyakar Diffa kafin ya kai tafkin Chadi. To kun ga ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) yana kallon ruwan nan ne daga sama inda ake noman rani a Kadawa, shi kuwa na jami'ar Gashuwa yana can ƙasa yana jiran abin da aka sako, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Wannan saɓanin shi ne kwas ɗin naku, sauran duk cikon benci ne.

Daga nan sai takardar yarjejeniya, kuma a nan ake yawan samun matsala. A rubuta ƙarara wa zai ba da maki, yuniti nawa ne, kuma majalisar kowace jami'a ta amince tun kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya, in ba haka ba yara su sha wahala a banza makin bai shiga sakamakonsu ba. Kalandar karatu ma ba ta cika zuwa ɗaya ba, yajin aiki ya riga ya hargitsa ta, shi ya sa gajeren kwas na sati shida zuwa takwas ya fi. In da jami'ar Nijar za ku yi, ku tanadi kayan karatu da Faransanci ma, muhawara kuwa ai Hausa ta wadatar da yawancinsu.

Manhajar ɗora darussa kuwa, Moodle ta isa, kyauta ce kuma ɗalibi zai iya sauke darasi a waya ya karanta ko ba netwok. Lacca kai tsaye ta Zoom ku rage ta sosai, rabin aji za su yi ta faɗuwa suna dawowa data na ƙonewa. Gara gajeren bidiyo da bai wuce minti goma ba, da murya zalla da PDF.

Ba sai kun ƙirƙiri komai daga tushe ba. Cibiyar koyar da harkar ruwa ta IHE Delft da ke ƙasar Holan tana da darussa kyauta a intanet, shirin horarwa kan harkar ruwa na Cap-Net ma haka, ku dai duba sharaɗin amfani kafin ku kwafa. QGIS manhaja ce ta kyauta ta zana taswira, bayanan ruwan sama na CHIRPS sun faro daga 1981, WaPOR ta hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) kuma tana nuna yawan ruwan da gonaki ke sha. Ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna, ku gayyato malami daga can ko sau ɗaya.

Amma fa ruwa ba a allon waya yake ba. Kowane ɗalibi ya zaɓi rijiya ɗaya a unguwarsu, ya ɗaura dutse a igiya ya zura har ya ji ya taɓa ruwa, ya auna tsawon igiyar daga bakin rijiya, duk sati rana ɗaya da sassafe kafin a fara ɗiba, ya shigar a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox wadda ke aiki ko ba intanet. Ku raba ɗaliban rukuni-rukuni ku cakuɗa su, kar ku bar 'yan jami'a ɗaya su kaɗai.

Jarrabawar ƙarshe ku yi ta kamar zaman rabon ruwa: wasu manoman shinkafa, wasu masunta, wasu makiyaya, wasu hukumar ruwan sha ta Kano, a ba su alkaluman shekarar da damina ta yi ƙaranci su yi ciniki kan yaushe za a sako ruwa daga Tiga kuma nawa. Ɗan Kano ku ba shi matsayin masuncin Nguru, ɗan Gashuwa ya zama mai kula da dam, malaman ɓangarorin biyu kuma kowa ya ba da makinsa daban sannan a haɗa a raba biyu.