Yadda za ka shirya dokinka kafin hawan sallah

Masu dawaki a Bauchi dan Allah mu daina bari sai sallah ta rage sati ɗaya sannan mu tuna da dokin da ke turke. Shi ya sa ana gama hawan daushe sai ka ji dokin wane ya kwanta. Ka fara shiri tun saura wata biyu.

Wajen abinci ake yin ɓarnar. Doki fa ba ya amai, tumbinsa kuma ƙarami ne, to in ya saba da ciyawa da harawa kawai rana tsaka ka cika masa kwano da dawa ko gero wai ya yi ƙiba ya yi sheƙi, wallahi ciwon ciki kake nema masa. Ƙara hatsin kaɗan kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14, ka raba shi sau uku a wuni, harawa da ingirici su fi yawa. Shinshina harawar kafin ka zuba, in ta yi fumfuna zubar da ita, kar ka ji asara. Dusa a jiƙa ta da 'yar kanwa. Ruwa kuma kar ya yanke, da zafi doki yana shanye lita 40 a rana.

In ka ga yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, gumi na zuba, yana son birgima kuma bai yi kashi ba, ɗauke abincin nan take, ja shi da ragama ku riƙa zagayawa a hankali, a kira likitan dabbobi. Ban da ɗuran manja ta baki, yana iya wucewa huhu.

Kilisa safe da yamma, satin farko tafiya zalla, sukuwa sai can daga baya. In kun dawo kar a ɗaure shi da gumi, a zaga da shi ya huce. Cire sirdi ka shafa bayansa da tafin hannu, inda ya zabura nan gyambo ke shirin fitowa, sai a ƙara shimfiɗa. Duba gefen bakinsa ma, linzaminmu mai kaifi ne, ni kam raina yana ɓaci in na ga yaro yana fizga har jini ya fito.

Maganin tsutsa da kaska da gyaran kofato a gama su da wuri. In dokin bai taɓa hawa ba, riƙa kai shi inda ake kiɗa da busa ya saba, don ranar akwai algaita da ƙarar bindiga ga cunkoson jama'a a ƙofar fada.