Babi na 6: Kuɗin Tallafi, Daga Hannun Mai Biya Zuwa Tukunya da Makaranta

Darasi na 1: Nawa ne naki?

Iyayena da 'yan'uwana mata, sannunku da ƙoƙari. A babin da ya wuce mun koyi rubuta lambobi. Yanzu za mu kai su inda za su fi yi muku rana, wato wurin karɓar tallafi.

Da yawa cikinku kun san shirin da gwamnatin tarayya ta fara a 2016, wanda aka riƙa ba gida mai ƙaramin ƙarfi naira 5,000 a wata. A lokacin akan haɗa na wata biyu a biya 10,000 lokaci guda, kuma galibi uwar gida ake danƙa wa. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido wa Najeriya. A 2023 an ƙaddamar da wani na naira 25,000 har sau uku. A Jigawa da Zamfara kuma an taɓa yin na masu juna biyu, naira 3,500 duk wata, har yaro ya cika shekara biyu.

Kun ga kowane shiri da adadinsa. Saboda haka aikin farko shi ne ki tambaya: "Nawa aka rubuta mini?" Ki sa a faɗa miki da baki, sannan ki rubuta a littafinki da hannunki. Kuɗin nan ba daga aljihun mai biya ya fito ba, don haka babu kunya a tambaya.

Darasi na 2: Ƙirga sifili

A nan ne na fi ganin ana tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan.

Sifili shi ne wannan ɗan da'irar mai kama da ƙwai: 0. Shi kaɗai ba komai ba ne, amma idan ya tsaya bayan wata lamba, sai ya ninka ta sau goma. Ku duba:

100 ɗari. Sifili biyu.
1,000 dubu ɗaya. Sifili uku.
10,000 dubu goma. Sifili huɗu.

Ki ɗora yatsa a kan sifilin ƙarshe, na hannun dama. Ki matso hagu kina ƙirgawa da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku. Wannan 'yar wutsiyar da kika tarar sunanta waƙafi. Ba lamba ba ce, kada ki ƙirga ta. Aikinta ta nuna miki cewa abin da ke hagunta dubbai ne. Ki rufe sifili ukun nan da babban yatsanki, ki karanta abin da ya rage. Idan 1 ya rage, dubu ɗaya ce. Idan 10 ya rage, dubu goma. Idan 25 ya rage, dubu ashirin da biyar.

Mu sake. Rubuta 10,000. Rufe sifili uku na dama. Me ya rage? 10. Nawa ke nan? Dubu goma. Madalla.

Rubuta 1,000. Rufe sifili uku. Me ya rage? 1. Dubu ɗaya. Kin ga sifili guda tak ne ya raba su, amma tsakaninsu akwai dubu tara.

Wani lokaci za ki ga an rubuta 10,000.00 a rasit ko a saƙon waya. Ɗigon nan da sifili biyun da ke bayansa na kwabo ne. Ki rufe su tukuna ki manta da su, sannan ki fara ƙirga daga gaban ɗigon. Wani lokaci kuma ba a sa waƙafin, sai ki ga 10000. Hanyar ɗaya ce: daga dama, ɗaya, biyu, uku, rufe, karanta sauran.

Idan kin kuskure, ba laifi. Ba a haifi kowa da sanin wannan ba. Goge ki sake.

Aiki: Karanta waɗannan da ƙarfi, yatsanki a kan takarda: 5,000, 500, 50,000, 2,500, 25,000, 10000, 1,000.00.

Darasi na 3: Kada ki dangwala kafin ki ƙirga

Wata ɗalibata ta je cire kuɗinta wurin wani mai POS ranar kasuwa. Layi ya yi tsawo, ga rana, ga yaro a baya yana kuka. Ya miƙo mata kuɗi a naɗe, ta ƙulle a bakin zane ta taho. Da ta zo aji muka kwance tare a kan tabarma, muka sami 'yan ɗari biyar-biyar guda goma sha shida, dubu takwas ke nan. Rasit kuwa 10,000 ya nuna. Na tambaye ta ko ta duba rasit ɗin, ta ce, "Malama, na ga lamba da ƙwai-ƙwai, na ɗauka daidai ne." Ranar ba a yi wani karatu ba, wannan rasit ɗin muka yi ta zagayawa da shi hannu-hannu.

Ki san takardun kuɗi da fuska. Ta 1,000 hoton mutum biyu ke jikinta. Ta 500 hoton Azikiwe. Ta 200 hoton Sardauna. Dubu goma ita ce 'yan dubu-dubu guda 10, ko 'yan ɗari biyar-biyar guda 20. Dubu ashirin da biyar ita ce 'yan dubu-dubu 25, ko 'yan ɗari biyar-biyar 50.

Ga tsarin. Ki karɓi rasit. Ki rufe sifili uku ki karanta. Ki ƙirga kuɗin a gaban mai biya, ɗaya bayan ɗaya, kina murza kowace takarda don kada biyu su manne. Idan akwai ladan cirewa, ya faɗa miki nawa ne tun kafin ya sa katin. Sai lissafi ya yi daidai za ki dangwala yatsa ko ki bar wurin. Lambar sirrin katinki guda huɗu ce, ke za ki danna da kanki.

Ina roƙonku da girman Allah, ku daina ce mini na bayanku suna gaggawa. Wata nawa muna maimaita wannan, amma har yanzu akwai mai miƙa kati ta faɗi lambar sirrinta da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, akwai mai dangwale ba ta kalli takardar ba. Kin yi tafiyar ƙafa tun asuba, kin yi wata biyu kina jira, minti biyun ƙirgawa ne zai gagare ki? Rufe sifili uku. Karanta. Ƙirga. Sannan dangwale.

Darasi na 4: Kashi uku kafin kasuwa

Kuɗin ba shi da yawa, kowa ya sani. Amfaninsa shi ne yana shigowa lokacin da babu abin sayarwa. Da damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, a nan ne gida yake sayar da akuya da arha, ko ya ci bashin buhu a biya da kaka, ko a cire yarinya daga aji a ɗora mata talla. Tallafi yana iya tare ɗaya daga cikin waɗannan, in dai an raba shi kafin ya shiga kasuwa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne a makarantar gwamnati daga aji ɗaya na firamare har aji uku na ƙaramar sakandare, shekara tara. Amma yunifom, takalmi, littafin rubutu, fensir da kuɗin karo-karo duk a kan iyaye suke. Sau da yawa waɗannan ƙananan abubuwa ne suke zaunar da yaro a gida, musamman a watan Satumba da ake shiga sabon aji.

Da kin dawo gida, ki sake ƙirgawa, ki shimfiɗa kashi uku. Misali da 10,000:

Abinci 6,000
Makaranta 3,000
Adashi 1,000

Rufe sifili uku-uku ki haɗa: 6 da 3 da 1, goma. Maido da sifilin, 10,000. Wannan misali ne kawai, ke kika san gidanki. Kashin makaranta dai a ƙulle shi daban a wani ƙyalle, kada ya kwana wuri ɗaya da na cefane.

Aiki: Raba 25,000 kashi uku. Rubuta, sannan ki haɗa ki gani ko ya koma 25.

Darasi na 5: Kashin abinci

Hatsi ya fi sauƙi da kaka. Idan biya ya faɗo lokacin, ki sayi gero ko dawa ki ajiye. Kada kashin ya ƙare a tuwo kaɗai, a samu wake, gyaɗa, zogale da ɗan manja saboda yara ƙanana.

Aiki: Rubuta kuɗin kwanon gero da na wake a kasuwarku. Duba sifilinki.

Darasi na 6: Adashi

Duk zubin da kika yi, ki rubuta rana da adadi a littafinki, uwar adashi ma ta rubuta a nata. Ku gwada littattafan biyu a ƙarshen wata.

Darasi na 7: Bita

Ki zo aji da tsohon rasit ɗinki. Za mu karanta shi.