Yadda na gyara fuskar manhajata ta zama iri ɗaya a ko'ina

Na yi wa kawuna ƙaramar manhajar lissafin kaya da Qt, wato kayan aikin gina manhaja mai aiki a kan kwamfutoci iri-iri, shagonsa na babbar kasuwar Garwa, a kwamfutata mai tsarin Ubuntu komai tsaf amma da muka sa a Windows ɗinsa sai rubutu ya yanke a cikin maɓallai, musamman na Faransanci da kalmominsa ke da tsawo, wallahi abin ya dame ni sosai don da ita zai riƙa ƙirga sefa kullum.

Ashe ni na ƙayyade faɗin kowane maɓalli da fiksel, shi kuma kawu an ƙara girman abin da ke fitowa a allonsa zuwa kashi 150. Na cire lambobin nan duka na zuba komai cikin QGridLayout, tsarin Qt mai jera abubuwa yana daidaita girmansu da kansa, na sa salon Fusion mai kama ɗaya a ko'ina, sannan na haɗa salon haruffa na Noto Sans cikin manhajar kanta don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai.

Abu ɗaya na bari da gangan, jerin maɓallan amincewa da sokewa. Windows na sa amincewa a hagu, Mac a dama, QDialogButtonBox, ɓangaren Qt mai jera waɗannan maɓallan, na bin al'adar kowanne, hannun mutum ya riga ya saba.

Jiya kawu ya kira ya ce "ɗana, yanzu kam ina ganin komai."