Yadda Za Ka Gano Dutsen Sararin Samaniya Har Ka Raɗa Masa Suna

Tun da masanin taurari Giuseppe Piazzi ya hango Ceres, dutsen sararin samaniya na farko da aka gano, daga birnin Palermo na Italiya ranar 1 ga Janairu 1801, manyan duwatsun da ke kewaya rana tsakanin duniyoyin Mas da Jufita duk an gama tsince su. Waɗanda suka rage ƙanana ne, haskensu dishi-dishi. Shi ya sa nake ba mai farawa shawara kada ya zuba kuɗinsa a madubin hangen nesa tukuna. Ka shiga IASC, shirin haɗin gwiwa na duniya don neman irin waɗannan duwatsu, wanda ke raba wa ɗalibai da masu sha'awa hotunan madubin Pan-STARRS na Hawai kyauta.

Za a ba ka hotunan yanki ɗaya na sama da aka ɗauka a jere. Ka buɗe su da manhajar Astrometrica, ka sa su riƙa sauyawa da sauri. Taurari ba sa motsi. Ɗigon da ke matsawa a miƙe, da tazara iri ɗaya, haskensa bai sauya ba, shi kake nema. A nan nake so ka natsu sosai, domin dattin kyamara ma yakan yi kamar yana tafiya, kuma rahoton ƙarya ɓata lokacin mutane ne.

Ma'aunin matsayin ɗigon da ka yi zai isa cibiyar Minor Planet Center da ke Amurka, mai ajiye bayanan waɗannan duwatsu. In an sake ganin dutsen a wani dare, kuma bai dace da wanda aka sani ba, sai a ba shi lambar wucin gadi. Misali, 2025 BC na nufin na uku da aka rubuta a rabi na biyu na Janairun 2025.

Daga nan sai haƙuri. Ana bin sawunsa shekaru, galibi har ya dawo kusa da mu sau huɗu, kafin a tabbatar da hanyarsa a ba shi lamba ta dindindin. Sai a lokacin ake tantance wanda ya gano shi, kuma ana ba shi wa'adin shekara 10 ya kawo suna.

Sunan kada ya wuce harafi 16, ya furtu a baki, ba zagi, ba talla. Ɗan siyasa ko jagoran yaƙi sai ya shekara 100 da rasuwa. Wannan ƙa'idar ta yi mini daidai, don sunan ba ya gogewa. Ka haɗa da gajeren bayanin dalilinka, kwamitin raɗa suna na ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, zai duba ya wallafa.