Kurakuran da masu jan wasan almara suka fi yi wajen tsara jarumai, mataimaka da mugaye

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, tsarin wasan bai sauya sosai ba: mutum huɗu ko biyar su zauna, kowa ya ɗauki jarumi guda, mutum ɗaya kuma ya ja labari, ya zama bakin duk sauran mutanen da ke ciki. Ƙwayar lido mai fuska 20 ita ke yanke ko sara ya samu ko ya kuskure. Amma abin da ke sa abokai su dawo zaure mako mai zuwa, a Garwa ne ko a Marwa, shi ne mutanen labarin. A nan ne kuma masu jan wasa suka fi tuntuɓe.

Babban kuskure yana wajen mugu. Sai a kawo wani baƙin matsafi mai jajayen idanu, wai yana so ya hallaka duniya, a tambayi dalili a rasa. Irin wannan ba ya ba kowa tsoro, don ba wanda ya taɓa haɗuwa da irinsa. Ku dubi Aurion, wasan kwamfuta da Kiro'o Games ta Yawunde ta fitar a 2016. A labarin, wanda ya ƙwace sarautar birnin Zama daga hannun jarumin wasan, Enzo Kori-Odan, ranar naɗinsa da aurensa ɗan'uwan amaryarsa Erine ne, Ngarba. Ke nan duk naushin da Enzo zai kai, a gidan surukansa zai sauka, matarsa kuma tana gefensa.

Gyaran shi ne ka san abin da mugunka yake so, da wanda ke cin abinci a ƙarƙashinsa. A ce galadima ne da ya kame rijiyoyin gari lokacin fari. Yana sayar da ruwa da tsada, amma shi ya kori mahara, shi ke ciyar da marayun unguwarsa. Jarumai suna shiga gari da zare takobi, sai wata tsohuwa ta tare su a bakin ƙofa: "'Ya'yana, in kun kashe shi, wa zai tsare mu da damina?" Nan za ka ga 'yan wasa sun ajiye ƙwayar lido suna gardama, wannan gardamar kuwa ita ake nema. Tarihin yankinmu ma ya koya mana haka. Rabe, wanda ya ci Borno a 1893 aka kashe shi a Kusiri a 1900, har yau wasu azzalumi suke kiransa, wasu kuma suna tuna cewa ya tsaya wa Faransawa. Kuma kada ka ɓoye mugun sai daren ƙarshe. Ya aiko ɗan saƙo da goro da doki tun zaman farko, su ji muryarsa, wataƙila ma su karɓi kyautarsa kafin su gane ko shi wane ne.

Abu ɗaya nake roƙo a nan da gaske: kada a mai da wata ƙabila ko addini ko gidan sarauta na gaskiya su zama mugayen labari. Tabarma ɗaya a Garwa tana iya haɗa Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Kotoko. Ƙirƙiri masarautarka, ka ba ta sunanta.

Sai mataimaki da ke cinye wasa. Mai jan labari yakan ƙera wani maharbi da ya fi kowa ƙarfi da sani, ya haɗa shi da jarumai, duk faɗa shi ke gamawa, sauran suna kallo. Wannan son kai ne, ko da ba da niyya ba. Mataimaki ya iya abu ɗaya, ya kasa sauran. Mai duba da ƙaguwa na Rumsiki, can duwatsun Mandara, misali ne mai kyau: yana karanta abin da ƙaguwa ta motsa a cikin tukunya ya faɗa maka, tafiyar kuma taka ce. Ka ba shi buƙatarsa shi ma, kamar bashin da yake bin wani fatake, don wata rana buƙatar ta ci karo da ta jarumai.

Su ma 'yan wasa suna da nasu laifin. Kowa yana so ya zama ɗan tauri, kowa maraya ne mara gida mara dangi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ayari yana buƙatar wanzami mai ɗaurin karaya, da maroƙi mai buɗe ƙofar fada da baki, da ɗan kasuwa mai jin Fulatanci da Larabcin Shuwa. Kafin a fara, kowa ya faɗi mutum ɗaya da ya baro a gida da kuma dalilin da ya sa ya amince da na kusa da shi.

Kwafo dodannin ƙasashen ƙanƙara kai tsaye ma asara ce. Muna da Gizo da wayonsa, da Dodo, da aljanun tsamiya da na ruwa, da dorinar Binuwai. Muna da mutanen Sao na gefen Tafkin Cadi, waɗanda labarin baka ke cewa ƙatti ne, kuma har yau ana tono gumakansu na yumɓu da manyan tulunan da suke binne matattu a ciki. Tsohon garin Sao da ƙasa ta rufe ya ishi zaman wasa goma.

Kada kuma ka jibga sunaye. Sababbin mutane uku ko huɗu sun isa a zama ɗaya, kowanne da alamar da za a tuna shi da ita: wannan yana ɗingishi, wancan ba ya magana sai ya gyara rawani. Rubuta su a takarda da abin da kowa yake so a gaban sunansa, ka ajiye kusa da kai lokacin wasa.